Wace Kotu Ce Ke da Hurumi? Daga Simintin Apapa Zuwa Sansanin Agadas

Akwai wata tambaya da ba kasafai ake yin ta ba idan aka ji labarin sojojin wata ƙasa sun zo suna gina hanya ko asibiti ko filin jirgin sama a ƙasar da ba tasu ba. Hankalin kowa yana kan yawan kuɗin da za a kashe da yawan mutanen da za su sami aiki. To, amma idan aikin ya tsaya, ko aka gama aka ƙi biya, ko aka biya rabi aka ce sauran sai an duba, ina ɗan kwangila zai kai kukansa? Kotun ƙasar da aka yi ginin, ko kotun ƙasar da ta ba da kuɗin? Wannan shi ne abin da lauyoyi ke kira hurumi, wato ikon da kotu ke da shi na sauraren wata ƙara. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin Hausa. Hurumi shi ne filin da aka keɓe a gefen gari, kamar makiyaya ko maƙabarta, wanda ba kowa ke shiga ya yi yadda ya ga dama ba. Haka kowace kotu take da nata filin, kuma idan ƙararka ta faɗa wajensa, ko gaskiyarka ta kai hasken rana alƙali ba zai dube ta ba.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, tsarin da ake bi ya karkata gefe guda. Idan sojan ƙasa mai rauni ya sayi kayan gini aka sami saɓani, a kotun manyan ƙasashe ake yi masa shari'a. Idan kuma sojan babbar ƙasa ya zo ya yi gini a ƙasa mai rauni aka sami saɓani, can ɗin dai ake komawa. Wanda ya fi cutuwa kuwa shi ne ƙaramin ɗan kwangila, mai tifar yashi da birkila da mai kawo tsakuwa, wanda ba shi da kuɗin jirgi, ba shi da biza, ba ya kuma jin yaren da aka rubuta takardar da ya sa wa hannu.

Ni ba Bahaushe ba ne. A bakin 'yan goro da mahauta na Agege na tsinci Hausa, tun kafin in zo jami'a in gane cewa ashe tana da nahawu mai ɗaure kai. Saboda haka daga can zan ɗauko ma'aunina. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, daga baya ya isa Kano, Agege ta zama matattarar goro: manoma Yarabawa suna nomawa, fatake Hausawa suna saye a ɗaure huhu-huhu a yi Arewa da shi, shanu kuma suna gangarowa Kudu, har yau ga abbatuwar Oko-Oba nan tana ci. Mafi yawan wannan ciniki bashi ne. Baƙo ya kawo shanu ya sauka wurin maigidansa, dillali ya nemo mahauci, mahauci ya ja sa ya yanka ya sayar, sannan ya kawo kuɗi. Mai shanun bai san mahaucin ba, watakila ko yarensa ba ya ji. Me ya sa ya yarda? Saboda tun kafin a kwance igiya ya san wanda ya tsaya masa, ya kuma san gaban wanda za a je idan magana ta ɓaci: maigida tukuna, sannan shugabannin kasuwa, idan ta gagara a dangana da fadar Sarkin Hausawa. Duk a ƙafa ake zuwa, kuma da yaren da aka yi cinikin ake yin shari'ar. Wani masani, Abner Cohen, ya yi nazarin irin wannan tsari a Sabon Ibadan ya wallafa littafi a kansa a 1969, ya nuna cewa wannan lamuni na masu gida shi ne ginshiƙin cinikin goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu. Ban ce fadar sarki ba ta son kai ba, wanda ya taɓa kai ƙarar mai kuɗi ya sani. Amma aƙalla mai ƙara ya san ƙofar.

Yanzu mu gangara Apapa. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, ya bar Nijeriya da sojoji kusan 250,000, alhali kafin yaƙin ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba. Dole a gina musu barikoki. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi shelar sulhu da farfaɗowa da sake gina ƙasa, ga kuɗin man fetur sun ɓarke bayan tashin farashi na 1973. A shekarar 1975 aka ƙulla kwangiloli 109 da kamfanoni 68 don kawo siminti fiye da tan miliyan 16, kuɗinsa ya doshi dala biliyan ɗaya, kuma Ma'aikatar Tsaro ce ta yi odar mafi yawansa. Tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko rabin wannan a shekara. Kafin tsakiyar shekarar, jirage fiye da 400 sun yi cirko-cirko a bakin teku, kowanne yana lissafa kuɗin jira na kowace rana, simintin kuma yana daskarewa a cikin wasunsu. Da Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki a ƙarshen Yulin 1975, sai aka tsayar da shigo da simintin, Babban Bankin Nijeriya kuma ya ba da umarnin kada a biya sai jirgin da ya sami izinin tasowa tun da wuri.

Kamfanonin ba su zo kotun Legas ba. Trendtex, wani kamfanin Suwizalan da ya shiga cinikin tan 240,000, ya kai Babban Bankin ƙara a Landan. Lauyoyin Nijeriya suka ce ai wannan siminti na gina barikin soja ne, aikin gwamnati ne tsantsa, kuma ba a jan wata ƙasa gaban kotun wata ƙasa. A Janairun 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila, ƙarƙashin Mai shari'a Denning, ta yi watsi da wannan hujja. Ma'anar hukuncin ita ce, gwamnatin da ta shiga kasuwa ta sayi siminti ko takalman soja ta zama 'yar kasuwa, dokar kasuwa ta hau kanta, ba ruwan mai sayarwa da abin da za a yi da kayan. A Amurka ma haka aka yi. A 1981 kotun ɗaukaka ƙara da ke Niyok ta ce tana da hurumi a ƙarar Texas Trading da wasu kamfanoni, tunda ta wani banki na birnin aka shirya biyan kuɗin. Na Verlinden ya fi ban mamaki: kamfanin na Holan ne, wanda ake ƙara Nijeriya ce, takardar kwangilar ta ce dokar Holan za a bi kuma a Faris za a yi sasanci, amma a Niyok aka shigar da ƙara, har Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 1983 dokar ƙasar ta 1976 tana iya buɗe wa baƙo ƙofar kai ƙarar wata gwamnatin waje a kotunan tarayyar Amurka. Waɗannan shari'o'i suna cikin waɗanda ɗaliban lauya a duniya ke karantawa har yau. Wato da simintinmu aka gina wannan ƙa'ida.

Ban ga laifin ƙa'idar ba. Wanda ya yi oda ya ƙi biya, ai a kama shi. Abin da nake so mai karatu ya duba shi ne abin da ke faruwa idan reshe ya juya da mujiya, wato idan sojan babbar ƙasa ne ya shiga kasuwar wasu.

Bayan mamayar Iraƙi a 2003 an kafa hukumar riƙon ƙwarya ta ƙawance a Bagadaza, ƙarƙashin Paul Bremer, ita ce ta riƙa ba da kwangilolin sake gina ƙasar. Kuɗin iri biyu ne: akwai na Iraƙi kanta, na man fetur da kadarorin da aka ƙwace, waɗanda aka tara a wani asusun raya ƙasa, akwai kuma dala biliyan 18.4 da majalisar dokokin Amurka ta ware a Nuwamban 2003. Ban da waɗannan akwai shirin da ya ba kwamandoji damar kashe kuɗi hannu da hannu a kan ƙananan ayyuka, rijiya ko makaranta ko kwalbati, a Iraƙi da Afganistan. Littafin jagorar shirin ma sunansa ya kira kuɗi makami, ba a ɓoye ba. Kwana ɗaya kafin Bremer ya miƙa mulki a ranar 28 ga Yunin 2004, ya sabunta wani umarni mai lamba 17, wanda ya cire 'yan kwangilar ƙawancen daga hannun kotunan Iraƙi a kan abin da ya shafi aikinsu. Wannan kariya ta zauna har farkon 2009.

To, ƙofar Bagadaza ta rufe. Ta Amurka fa? Nan ne rigimar ta yi daɗi ga lauyoyi. Ita hukumar riƙon ƙwaryar ta wace ce? Ta Amurka ce, ko ta ƙawance, ko ta Majalisar Ɗinkin Duniya? Kamfanin Custer Battles ya sami aikin taimakawa wajen canza takardun kuɗin Iraƙi, aka zarge shi da kumbura lissafi ta hanyar kamfanonin bogi. A Maris ɗin 2006 masu taya alƙali hukunci a jihar Bajiniya suka same shi da laifi, aka ɗora masa kusan dala miliyan 10. A Agustan shekarar alƙalin ya soke hukuncin, a kan cewa ba a tabbatar hukumar wani ɓangare ce na gwamnatin Amurka ba. Sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta warware wannan. Su kuma kamfanonin da suka yi aiki da kuɗin asusun Iraƙi aka riƙe musu haƙƙi, irin su Laudes da ya je kotu a Washinton, sun ji daga bakin alƙalai cewa nauyin irin wannan kwangila ya koma kan gwamnatin Iraƙi tun ranar miƙa mulki, ko da yake jami'in da ya sa hannu Ba'amurke ne. Idan manyan kamfanoni masu lauyoyi sun yi shekaru suna neman ƙofa, ina ga birkilan Basra?

Ko da kuɗin na Amurka ne zalla kuma hurumin bai da shakka, hanyar ba ta talaka ba ce. Dokar rigingimun kwangila ta 1978 ta ce sai ka fara rubuta buƙatarka ga jami'in kwangila, wato ma'aikacin hukumar da kake rigima da ita. Idan kuɗin ya wuce dala 100,000 sai ka haɗa da takardar shaida mai wasu kalmomi na musamman. Idan ya yanke bai yi maka ba, kana da kwana 90 ka ɗaukaka zuwa hukumar sauraren ƙararrakin kwangilar soja da ke Bajiniya, ko wata 12 ka je kotun tarayya ta da'awa a Washinton. Duk da Ingilishi. An kori ƙararrakin 'yan kwangilar Afganistan da dama ba tare da an taɓa gundarin maganarsu ba, don wa'adi ya wuce ko takarda ba ta cika ƙa'ida ba. Shi kuwa ƙaramin ɗan kwangila, wanda babban kamfani ya yanka wa aiki, ba shi da ikon kai gwamnatin ƙara da kansa, tunda ba da shi ta ƙulla ba. Sai dai babban kamfanin ya yarda ya shigar a madadinsa, kuma sau da yawa shi babban ne ya riƙe kuɗin.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Agege da Bagadaza. Ai abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A Agadas, garin da Hausa ce harshen kasuwarsa, sojan saman Amurka ya gina sansanin jirage marasa matuƙa da ake kira 201, a kan kuɗi kusan dala miliyan 110, ya fara aiki a 2019. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin da ke mulki a Yamai suka soke yarjejeniyar zaman sojan Amurka a ranar 16 ga Maris 2024. Kakakinsu, Kanal Amadou Abdramane, ya ce da wata takardar diflomasiyya kawai aka ƙulla ta, ba a tuntuɓi wakilan jama'a ba. A farkon Agustan 2024 Amurkawan suka bar sansanin. Ka ɗauka kai ne mai tifa da ke bin wani kamfani kuɗin tsakuwa a ranar da jirgin ƙarshe ya tashi: jami'in kwangila ya tafi, kwana 90 kuma ba sa jiran kowa. A Gana, majalisa ta amince da yarjejeniyar tsaro da Amurka a Maris ɗin 2018, 'yan adawa suka fice daga zaure, jama'a suka yi zanga-zanga a Ankara. An yi ta surutu a kan sansani da harajin kaya, amma a cikin takardar akwai sharaɗin cewa kwangilolin da sojan Amurka zai bayar a ƙasar dokar Amurka za su bi, kuma wannan bai ja hankali sosai ba. A nan gida ma, gine-ginen da aka yi a sansanin sojan sama na Kainji don jiragen Super Tucano 12 da Nijeriya ta saya, waɗanda aka buɗe a 2023 a kan kimanin dala miliyan 38, injiniyoyin sojan Amurka ne suka ba da kwangilarsu, duk da cewa ƙasar tamu ce kuma cikin cinikin da muka biya ne. A Mayun 2024 wasu malamai da dattawan Arewa, cikinsu har da Farfesa Attahiru Jega, sun rubuta wa Shugaba Tinubu wasiƙa suna gargaɗi kada a bari sansanonin da aka kora daga Sahel su dawo Nijeriya, gwamnati kuma ta ce a lokacin babu wannan magana. Muhawarar duk ta tsaya a kan tsaro da 'yancin ƙasa.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa kuɗin harajin mutanensu ne, majalisarsu ce ta ware, dole dokarsu ta bi sawunsa. Suna cewa a ƙasar da ake yaƙi kotuna ba sa zama, inda suke zama kuma shari'a kan shekara goma. Mu da muke ganin yadda rigimar fili ke tsufa a kotunan Ikeja har masu ita su mutu 'ya'ya su gada, ba mu da bakin musu. Haka kuma ba kullum kotun waje ke cutar da mu ba. A rigimar kwangilar iskar gas da kamfanin P&ID, masu sasanci a Landan sun ɗora wa Nijeriya dala biliyan 6.6 a 2017, kuɗin ruwa ya kai shi sama da biliyan 11, kuma wata kotun Landan ɗin ce, ta bakin Mai shari'a Robin Knowles, ta rushe hukuncin a Oktoban 2023 saboda cin hanci da aka tafka wajen samun sa. Amma duk wannan hujja ce ta manya. Gwamnati tana iya ɗaukar lauyoyin Landan. Mai bin naira miliyan biyar ba zai iya ba, kuma kotun da ba za ka iya isa gare ta ba, adalcinta bai amfane ka da komai ba.

Kotun Ƙolinmu ta taɓa fahimtar wannan. A shari'ar Sonnar ta 1987, an ɗauko shinkafa daga Bankok zuwa Legas a jirgin wasu Jamusawa, aka sami matsala, takardar kaya kuma ta ce a Jamus za a yi shari'a. Kotun ta ga cewa idan aka tura masu ƙara Jamus wa'adinsu ya riga ya wuce a can, ba za su sami komai ba, sai ta ce a saurare su a nan. Mai shari'a Oputa ya ja kunnen kotunanmu kada su riƙa gaggawar sakin hurumin da tsarin mulki ya ba su don kawai wasu sun rubuta haka a takarda. Sai dai wancan tsakanin 'yan kasuwa ne. Idan gwamnati da kanta ta sa hannu ta ba sojan waje kariya, alƙali ba shi da ta cewa. Don haka gyaran a wurin ƙulla yarjejeniya yake, tun ran gini tun ran zane. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, saboda haka 'yan majalisa suna da wurin tsayawa. Abin da zan so su nema bai da yawa: duk ƙarar da ba ta kai wani adadi ba a saurare ta a garin da aka yi aikin, ko da gaban kwamitin haɗin gwiwa ne na ɓangarorin biyu, a ajiye wani kaso na kuɗin kwangila a bankin gida har sai ƙananan 'yan kwangila sun shaida an biya su, kuma kada wa'adi ya fara gudu sai an sanar da mutum da yaren da yake ji.

Wannan na ƙarshen shi ne ya shafe mu, 'yan uwana ɗaliban harshe. A hutun da ya wuce wani maƙwabcinmu mai tifa ya kawo mini takardar da wani kamfanin gine-gine ya ba shi, wai tunda ni ɗan jami'a ne in duba masa farashin kowace tifa da ranar biya. Na duba. Can kusa da ƙarshe na ga sakin layi da ya ce duk saɓanin da ya taso masu sasanci ne za su yanke a wata ƙasar waje. Da na fassara masa, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai wannan ta lauyoyi ce, karanta mini wurin kuɗin." Ya riga ya kai tifa goma sha biyu kafin ya kawo mini takardar. Mutumin da ba zai saki akuya bashi a Oko-Oba ba sai ya san wanda ya tsaya, ga shi ya saki man motarsa da guminsa a kan sharaɗin da bai taɓa ji da kunnensa ba.

A darasin fassara muna fama da labaran rediyo da jawaban gwamna, wani lokaci da tallan magani. Ina roƙon malamanmu su sa mana takardar kwangila ta gaske a jarrabawa, musamman shafin ƙarshe, inda ake faɗin dokar da za a bi da wurin shari'a da wa'adin ƙara. Akwai aiki a wurin. Hurumi muna da ita, wa'adi muna da ita, lamuni da jingina da diyya duk fiƙihu da kasuwa sun ba mu. Amma har yanzu kalma ɗaya, sulhu ko sasanci, muke amfani da ita ga zaman dattawa da ake tashi a gaisa, da kuma zaman masu sasanci na Landan wanda hukuncinsa ke sa a kama jirgin shugaban ƙasa, kamar yadda aka yi wa jiragen fadar Nijeriya a Faransa a Agustan 2024 a kan rigimar wani kamfanin Sin da jihar Ogun. Mai tifa da ya ji "sasanci" zai ɗauka zaman dattawa ake nufi, ya sa hannu.